Gane Mai Amana a Cinikin Kare da Riƙon Dabbobi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Dabba tana sauya hannu ta hanya uku a ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: ko a saye ta, ko a ba da ita kyauta ko kiwo, ko kuma ta ɓace wani ya riƙe ta kafin mai ita ya bayyana. Ko ta wace hanya ce, mai karɓa ba ya iya ganin abubuwa biyu da suka fi komai muhimmanci, wato inda dabbar ta fito da cutar da take ɗauke da ita a ɓoye. Dole ya jingina da maganar wanda ya miƙo masa igiya. Don haka duba dabba rabin aiki ne, sauran rabin shi ne auna mutumin da ke tsaye a bayanta.

Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna kudu maso yammacin Jihar Katsina. Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma tana maƙwabtaka da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasa ce ta noma da kiwo, inda bijiman huɗa suke cikin manyan kadarorin magidanci, kuma ƙasa ce da satar shanu ta yi wa illa shekara da shekaru. A 2019 gwamnatin jihar ta gyara dokar hukunta laifuka ta tanadi hukuncin kisa ga masu satar shanu da masu garkuwa da mutane. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a wani umarni da ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, waɗannan ukun na ciki, ya hana jigilar shanu a manyan motoci zuwa wasu jihohi, ya kuma rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ɓarawon shanu ba ya cin ribar satarsa sai ya sami kasuwa. Matakin ya ƙuntata wa dubban masu neman halal, amma ya nuna yadda tambayar asalin dabba ta zama maganar rai da mutuwa a wannan yanki.

Kara, wato sashen dabbobi na kasuwa, ta daɗe da tsarinta na tantance amana. Baƙo ba ya shigowa da sa ya sayar kai tsaye, sai ta hannun dillalin da ya san shi ko ya san wanda ya san shi. La'adar da dillali ke karɓa ba ladan daidaita farashi kaɗai ba ce, ladan tsayawa ce: idan daga baya aka zo cigiya, shi za a fara nema, shi kuma zai fito da wanda ya kawo masa dabbar. Gogaggen dillali yana kewaya saniya yana duba shaidar da aka yi mata da wuta a cinya ko tsagar da ke kunnenta, ya ga ko an sake ƙona wurin don a ɓata tsohuwar alama. Yana buɗe bakinta ya ƙirga haƙora don ya san shekarunta, ya kora ta ta yi 'yar tafiya ya saurari numfashinta saboda ciwon huhu. Yana kuma lura da mai ita. Wanda ya reni saniya ya san haihuwarta nawa, ya san halinta, kuma ba ya sallamawa a tayin farko. Mai gaggawar sallamawa a kan kuɗin da bai kai ba, wanda ya fi son a yi ciniki a bayan kasuwa ko bayan magariba, ya riga ya ba da amsar tambayar da ba a yi masa ba tukuna.

Cinikin kare ba shi da irin wannan kara a mafi yawan garuruwan Hausa, kuma rashinta shi ne tushen matsalar. Kare yana da gurbinsa a ƙauye tun da can. Mafarauta suna fita da shi dawa da rani, makiyaya suna ajiye shi a ruga, manoma suna barinsa gadin gona da rumbu, yanzu kuma rashin tsaro ya sa gidaje da yawa suna son wanda zai yi haushi idan wani ya doso cikin dare. Shari'a ta yarda da ajiye kare don farauta, kiwo da tsaron shuka, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, ba ta ɗauki karen da ke raye a matsayin najasa ba. Game da sayar da shi kuwa akwai hani a hadisi, kuma malaman mazhabar sun yi saɓani a kan karen da aka halatta ajiyewa, inda wasu irin su Sahnun suka yarda a sayar da shi. Wannan ya sa a ƙauyuka aka fi samun kwikwiyo ta hanyar roƙo ko kyauta daga wanda aka sani, a ba shi ɗan abin goro. Tsarin yana da kyau ta fuska guda, domin mai karɓa ya san gidan, ya san uwar, ya san ko uban ya taɓa kama zomo ko haushin banza kawai yake yi. Inda kuɗi suka shigo, musamman a cinikin karnukan ƙasashen waje, nan ne sani ya ragu, zamba ta ƙaru.

Matakin farko na auna mai kiwon karnuka shi ne zuwa inda aka haifi kwikwiyon. Mai amana ba ya ƙin a zo, ba ya kuma cewa a haɗu a tasha ko a bakin titi ya miƙo shi a kwali. A gidan ana son a ga uwar tare da 'ya'yanta. Karyar da ta shayar ana gane ta da nonuwanta, kuma 'yan kwikwiyon suna rububinta ba tare da tsoro ba. Idan aka nuno wata karya mai ƙiba da 'ya'yan ba su damu da ita ba, akwai alamar tambaya. Wannan ƙa'ida ba ta ƙauye kaɗai ba ce. A Ingila, tun daga watan Afrilu na 2020, doka ta hana 'yan tsakiya sayar da kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin wanda ya kiwata uwar ko wurin riƙon dabbobi, saboda an gano cewa ta hannun 'yan tsakiya ne masu tara karnuka a ƙazamin wuri suna haihuwa ba hutu suke shigar da hajarsu.

Wurin kansa yana magana. Akwai inuwa? Akwai ruwa mai tsabta a kwano? An share kashi, ko ƙudaje ne ke ta yawo? Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, kuma yawanci tana neman barbara sau biyu a shekara. Wanda yake haɗa ta duk lokacin da ta nema, har haƙarƙarinta suka fito gashinta ya zube, kuɗi yake nema, kuma 'ya'yan irin wannan uwa sukan taso da rauni. Haka wanda yake haɗa uba da 'yarsa ko 'yan ciki ɗaya don kada ya nemi namiji a waje, domin cututtukan gado sun fi fitowa a irin wannan haɗi.

Sai shekarun kwikwiyon. Idonsa ba ya buɗewa sai ya yi kwana goma zuwa sati biyu, kuma bai kamata a raba shi da uwa ba kafin sati takwas. A cikin waɗannan makonni ne yake samun kariya daga nononta, yake kuma koyon iyakar cizo a wasa da 'yan uwansa. Wanda aka yaye da wuri yakan taso da yawan tsoro ko saurin kai hari. Haƙora suna tona asirin mai ƙaryar shekaru: haƙoran farko guda 28 ne, ƙanana masu tsini, suna fara zubewa wajen wata uku zuwa huɗu, kafin wata bakwai kuma na manya guda 42 sun cika.

Duba jikinsa ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga leɓensa a ga dasashi: ja-ja mai haske shi ne na lafiya, fari fat alama ce ta ƙarancin jini, wanda tsutsar ciki ko cutar kaska ke kawowa. A shafa bayan kunne da tsakanin yatsun ƙafa, nan kaska ta fi maƙalewa. A bi gashin da hannu ta baya a ga ko akwai ƙuma ko wuraren da ƙazwa ta cinye. Ido ya kasance babu kwantsa, hanci babu majina mai kauri, ƙarƙashin wutsiya babu alamar zawo. Ciki da ya kumbura a jikin da ya rame tsutsa ce, ba ƙoshi ba. Sannan a ajiye shi ƙasa a tafa hannu a gani. Mai lafiya zai ɗan firgita, sai ya dawo yana shinshinawa. Wanda ya lafe a lungu yana rawar jiki, ko wanda bai ko motsa kunne ba, sai a yi hattara da shi.

Maganar rigakafi ta fi duk waɗannan nauyi, domin a nan kuskure yana iya cin ran mutum. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya kowace shekara bisa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunsa. Ƙwayar cutar tana shiga ta yawu a wurin cizo ko yaƙushi, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Tana iya yin wata biyu ko uku, wani lokaci sati guda, wani lokaci har shekara, kafin alama ta fito, kuma da zarar ta fito da wuya ƙwarai a tsira. Abin da ya sa wannan ya shafi ciniki shi ne, karen da aka ciza a dawa makonni kaɗan da suka wuce yana iya zama lafiya lau a ido ranar da aka sayar da shi. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba. Wani sai dai ya yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, har mai gida ya sa hannu a bakinsa yana zaton ƙashi ne ya maƙale masa.

Ana yi wa kwikwiyo allurar haukan kare idan ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara, yawanci shekara-shekara a Najeriya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana cikin masu samar da wannan allura, kuma can ake kai samfurin ƙwaƙwalwar karen da ake zargi don a tabbatar. Akwai kuma allurar da ke kare kwikwiyo daga cutar nan mai sa amai da zawon jini, wadda ta bazu a duniya wajen 1978 kuma take iya share 'yan ciki ɗaya cikin kwanaki. Ita ana farawa daga sati shida zuwa takwas, a sake bayan kowane sati uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai wata huɗu.

Mai kiwo na gaskiya yana da katin rigakafi, kuma katin yana ɗauke da kwanan wata, sunan maganin, lambar da ke jikin kwalbar, da suna da sa hannun wanda ya yi allurar. Kati kaɗai ba hujja ba ce, tunda ana iya buga shi a kowane shagon kwamfuta. Hujjar ita ce a iya samun wanda ya sa hannun a tambaye shi. Ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, ko asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wuraren da za a nemi shawara ne. Katin da ya nuna an yi wa kwikwiyo ɗan sati biyar allurar haukan kare ya ƙaryata kansa. Haka allurar da aka saya a rana a kan tebur, domin waɗannan magunguna suna lalacewa idan suka bar sanyi na digiri 2 zuwa 8. Duk da haka, idan kare ya ciji mutum, ba a tsaya dogaro da kati ba. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, karen kuma a tsare shi a sa masa ido na kwana goma, a sanar da malamin dabbobi.

Karnukan ƙasashen waje, irin su Alsatian na Jamus, Boerboel na Afirka ta Kudu da mai yawan gashin nan na tsaunukan Kokasus, sun shigo ta biranen Kano, Kaduna da Abuja, kuma tallansu ya cika Facebook da WhatsApp. Nan ne cinikin biri a sama ya fi yawa. Ana ɗora hoton da aka kwaso daga intanet, a ce saura guda ɗaya, a nemi kafin alƙalami da kuɗin mota, daga nan waya ta daina shiga. Wani kuma yakan turo kwikwiyon, amma ruwa biyu ne aka sayar da sunan tsantsa. Hanyar kariya ita ce kada kuɗi su fita sai ido ya gani, ko idon wani amintacce da ke garin. Akwai ma tambayar da ta riga wannan: shin wannan kare ya dace da wurin? Mai gashi mai kauri yana shan wuya a zafin Maris da Afrilu. Manyan karnuka suna yawan fama da ciwon ƙugu na gado, suna cin abinci mai tsada, kuma idan ba a hore su ba haɗari ne ga yaran gida. Karen gida, siriri mai gajeren gashi, ya saba da yanayin, ya fi juriya, kuma a gadin gona ko ruga ba a fi shi ba. Mai sayarwa da ya tambayi mai saye ina zai ajiye karen, me zai ciyar da shi, akwai ƙananan yara ko babu, ya nuna cewa makomar dabbar ta dame shi. Wanda kuɗi kawai ya tambaya ya nuna nasa halin.

Babban kare da aka kawo sayarwa yana buƙatar bincike irin na saniya. Akwai fataucin karnuka daga jihohin arewa zuwa kasuwar Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke ta Jihar Filato, inda ake sayensu don nama, kuma duk inda kare ke da kuɗi ana satarsa. Karen da ba ya amsa kiran mai sayar da shi, yana ja da baya idan ya miƙo hannu, ba a gidansa ya girma ba.

Riƙon dabbar da ta ɓace ko aka ƙwato shi ne abin da ya fi kusa da wuraren ceton dabbobi na ƙasashen Turai, inda ƙungiyoyi irin su RSPCA ta Ingila, wadda aka kafa a 1824, suke karɓar dabbobin da aka yasar suna nema musu gida. A ƙasar Hausa aikin yana hannun mai unguwa, dagaci da hakimi. Wanda ya tsinci akuya ko jaki yana kaiwa ƙofar mai gari, a yi shela a masallaci da kasuwa, mai cigiya kuma ya faɗi kamanninta kafin a nuna masa, ya kawo shaidu, ya biya abin da ta ci. Tushen wannan yana cikin hukuncin tsintuwa a fiƙihu, tare da hadisan da suka yi bayanin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Mai riƙo na gaskiya ana gane shi da bayyanawa. Wanda ya ɗaure dabbar a ƙuryar gida bai gaya wa kowa ba, ko da ya ce jiran mai ita yake yi, bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Satar shanu ta faɗaɗa wannan aiki. Idan jami'an tsaro, ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2023, suka ƙwato garke, sai a sami masu da'awa da yawa a kan saniya guda. A nan ma ma'aunin bai sauya ba: a rubuta adadi da kamanni tun ranar da aka karɓa, a ajiye su inda jama'a za su gani, a saurari ardo da dagacin da suka san garken, a miƙa a gaban shaidu. Mutumin da ya zo wa wanda aka yi wa sata a asirce, ya ce ya san inda shanunsa suke amma sai an ba shi wani abu tukuna, sau da yawa yana ƙara wa mai hasara wata hasarar ce.

Ƙungiyoyin da ke neman taimako a intanet da sunan ceton dabbobi su ma suna buƙatar awo. A 2021 ƙungiyar World Animal Protection ta fallasa bidiyoyin ƙarya a YouTube, inda ake jefa kwikwiyo ko kyanwa gaban maciji da gangan, sannan a ɗauki hoton wani yana ceto, don a tara masu kallo da kuɗi, kuma a shekarar kamfanin ya ce ya haramta irinsu. Alamominsu sanannu ne: mai ɗaukar hoto yana nan tun kafin haɗarin, dabba guda ana ceto ta sau da yawa a wurare daban-daban, ba a kuma taɓa nuna abin da ya same ta daga baya ba. Ƙungiyar kirki tana da adireshin da za a je, da rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa wadda za a iya dubawa, da asusun banki mai sunan ƙungiya ba na mutum ɗaya ba, da likitan dabbobi da za a iya kira. Tana faɗin inda kowace dabba ta fito, ba ta ɓoye cewa wannan ya taɓa cizo ko wancan yana da ciwo, kuma ba ta tara abin da ya fi ƙarfin abincinta da wurinta.

Bayan an sallama, sauran abu guda. Fiƙihu ya ba mai saye damar mayar da haja idan wani aibi da aka ɓoye masa ya bayyana, amma wannan dama ba ta da amfani idan ba a san inda mai sayarwa yake ba. Saboda haka ake son shaidu biyu, da rasit ko 'yar takarda mai ɗauke da kamannin dabbar, kuɗin da aka biya, sunan dillali idan akwai, da adadin kwanakin da aka amince za a iya mayarwa. Sabuwar dabba, kare ne ko saniya, ana ware ta daga sauran na gida na sati biyu ko uku, malamin dabbobi ya duba ta a cikin kwanakin farko, tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba.